Abin da na gani a Dallas a 2005, lokacin da mutanen Bush suka ƙi matar da ya zaɓa wa Kotun Ƙoli

Salamu alaikum. Malam, tambayarka ita ce me ya sa a Amurka wani lokaci magoya bayan shugaban ƙasa ne ke fara tada jijiyar wuya idan ya zaɓi alƙalin Kotun Ƙoli, tun 'yan adawa ba su buɗe baki ba. Bari in ba ka labarin wanda aka yi ina wurin.

A 2005 ina zaune a Dallas ta jihar Texas, ina aiki a wani shagon kayan gyaran mota. Abokin aikina wani dattijo ne Bature, ma'abocin coci, ɗan a-mutun George W. Bush, shugaban Amurka na lokacin, ɗan jam'iyyar Republican. A bayan motarsa har lokacin akwai takardar kamfen ɗin 2004 da ya manna. Kullum da hantsi yakan kunna ƙaramar rediyonsa a kan kanta ya saurari shirin Rush Limbaugh, mai sharhin siyasa na masu ra'ayin mazan jiya, ni ma ina ji ina jera kaya. Ranar 3 ga Oktoba Bush ya bayyana sunan Harriet Miers a matsayin wadda za ta gaji mai shari'a Sandra Day O'Connor a Kotun Ƙoli. Na ɗauka dattijon nan murna zai yi, domin matar 'yar Dallas ce, mai zuwa coci irin nasu. Sai na tarar da shi ya cire tabarau ya ajiye a kan littafin rasit, ya yi tagumi. Abin da ya ce mini shi ne: gida-gida ya bi yana ƙwanƙwasa ƙofa a zaɓen bara, kuma don kujerar nan ya yi, ba don Bush ba.

Maganar nan tasa ita ce amsar tambayarka. Alƙalan Kotun Ƙolin Amurka tara ne, kuma ba su da wa'adi, sai mutuwa ko murabus. Shugaban ƙasa shekara takwas ce iyakarsa, alƙali kuwa yana iya yin talatin. A wurin masu ra'ayin mazan jiya, musamman masu adawa da zubar da ciki, kotun ita ce uwa uba, domin ita ce ta halatta shi a 1973 a shari'ar Roe da Wade. Kujerar O'Connor kuma ba kamar sauran ba ce. Ita ce ke tsakiya, sau da yawa inda ta karkata nan hukunci yake faɗawa.

Sannan mutanen nan maciji ya taɓa saran su. A 1990 mahaifin Bush, yana shugaban ƙasa, ya kawo David Souter, wanda ba a san ra'ayinsa ba, aka ce musu su kwantar da hankali, nasu ne. Bayan shekara biyu, a shari'ar Casey ta 1992, Souter ya haɗu da O'Connor da Anthony Kennedy suka tabbatar da ginshiƙin hukuncin Roe, kuma dukansu ukun shugabannin Republican ne suka naɗa su. Tun daga nan kalmar da ke bakinsu ita ce ba za a sake yi musu irin ta Souter ba. In ka haɗa da haushin yadda Majalisar Dattawa ta kayar da Robert Bork, mai ra'ayin mazan jiya da Shugaba Reagan ya zaɓa wa kotun, a 1987, ƙuri'a 58 da 42, za ka gane irin ƙullin da ke zuciyarsu. Sun yi shekaru suna renon lauyoyi da alƙalai ta ƙungiyar Federalist Society, wadda aka kafa a 1982, suna jiran ranar da dama za ta zo. Ga ta ta zo, Republican na da sanatoci 55, sai shugaban ya ɗauko lauyarsa.

Miers ba ƙaramar mace ba ce, wannan a faɗa. Ita ce mace ta farko da ta shugabanci ƙungiyar lauyoyin Texas, ta yi kansila a Dallas, kuma a lokacin ita ce babbar lauyar Fadar White House. Amma ba ta taɓa zama alƙali ba, ba ta da rubuce-rubuce kan tsarin mulki da za a karanta a san inda ta dosa. Hujjar Bush ita ce ya san zuciyarta, a yarda da shi. Sai kuma aka tono cewa ta taɓa ba kamfen ɗin Al Gore gudummawar dala 1,000 a 1988, aka ji Harry Reid, jagoran 'yan Democrat a majalisar, yana yabon ta. Yabon nan ya fi zagi yi mata illa. Kada a manta kuma wata ɗaya ke nan da guguwar Katrina, ana ta zargin Bush da ɗora 'yan gaban goshi a muƙaman da suka fi ƙarfinsu.

Waɗanda suka yi mata ca duk 'yan gida ne: marubuta masu sharhin siyasa irin su George Will, Charles Krauthammer, William Kristol, David Frum wanda ya taɓa rubuta wa Bush jawabai, har da Bork ɗin kansa. Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba, James Dobson, babban mai faɗa a ji a wurin Kiristocin bishara, ya mara mata baya. Daga ɓangaren fadar aka fara cewa ana ƙin ta ne don mace ce, kuma don ba ta fito daga jami'ar Harvard ko Yale ba. Wannan ya ƙara zuba fetur a wuta. Abokin aikina ya lissafo mini da yatsunsa matan da yake so a ba kujerar: Janice Rogers Brown, Priscilla Owen, Edith Jones. Ya ce a kawo ko wacce daga cikinsu, gobe zai fita yi mata kamfen.

Abin da ya ƙarasa ta a majalisa yake. Ziyarar da ta kai wa sanatoci ba ta gamsar da su ba, kuma Arlen Specter da Patrick Leahy, manyan kwamitin shari'a, suka mayar mata da takardar tambayoyin da ta cike suka ce ta sake. Ranar 27 ga Oktoba ta janye, aka ce dalili shi ne sanatoci na neman takardun sirrin fadar da ba za a bayar ba. 'Yan Democrat kusan kallo kawai suka yi.

Ni a nawa ganin, Bush ne ya yi kuskure, kuma ita ce ta sha dukan. Na ji tausayin matar nan ƙwarai. Mako uku ana yi da ita a rediyo safe da yamma, mutanen da ta yi wa jam'iyyarsu hidima ne ke cewa ba ta cancanta ba. Amma kujera irin wannan ba a bayar da ita don amana tsakanin mutum biyu, a nan masu sukar suna da gaskiya. Inda nake da damuwa da su shi ne wasunsu ba ilimin shari'a suke nema ba, tabbaci suke so kan yadda za ta yanke hukunci tun ba a kawo ƙara gabanta ba. Na faɗa wa dattijon haka, ya ce ai ɗaya ɓangaren ma abin da suke yi ke nan.

Bayan kwana huɗu da janyewarta Bush ya kawo Samuel Alito, wanda ya yi shekara 15 yana alƙalin kotun ɗaukaka ƙara, hukunce-hukuncensa kuma ga su nan a rubuce. Ranar dattijon ya shigo shago da kwalin donat ya raba wa kowa. An tabbatar da Alito ranar 31 ga Janairun 2006 da ƙuri'a 58 da 42, kuma shi ne ya rubuta hukuncin Dobbs na 2022 da ya rushe Roe. Ranar da na ji labarin ina gida Najeriya, dattijon nan ne ya fara faɗo mini a rai, da tabaraunsa a kan littafin rasit.