Ƙarfen ƙugun Mama ya karce a tiyata ta biyu, wa za a kama?

Malama na ga saƙonki, Allah Ya ba Mama lafiya. Kin ce an sake buɗe ƙugun aka canza kofi da ƙwallon gaɓar ƙarfen da aka sa mata, aka bar sandarta da ke cikin ƙashin cinya, yanzu ciwo ya dawo kuma wani likita ya ce wuyan sandar ne ya karce.

Toh kafin maganar kotu, yau ɗin nan ki rubuta wa asibitin cewa kar su yar da abin da suka cire, kar kuma su mayar wa kamfani, in za a sake aiki ma a adana komai. Wallahi abin yana min ciwo in ga mai gaskiya ya rasa hujja don kawai an jefa ƙarfe a shara. Ki nemi fayil ɗinta, musamman rahoton tiyatar da sitikun nan masu lambar kowane ƙarfe, da hotunan da aka ɗauka kafin aiki da bayansa.

Wuyan nan da ƙwallo ke zama a kai ba ya son ko ƙwarzane, shi ya sa likitoci ke rufe shi lokacin aiki, wasu ma da gorar sirinji ta roba, in kuma ƙwallon tangaran za a ɗora a tsohon wuya akan saka masa hular titaniyam tukuna. In ya gurje sai ya fara cinyewa, ƙarafan kobalt da kuromiyam na iya shiga jini, don haka a gwada jininta.

Amma fa karcewa kaɗai ba ta isa a ce sakaci ba. Sai wani ƙwararren likitan ƙashi ya shaida cewa likita mai kula ba zai yi haka ba, kuma wannan ɗin ne ya jawo ciwon. Takardar amincewa da tiyata da Mama ta sa wa hannu ba ta wanke sakaci.

Ta yiwu kuma laifin na kamfani ne, kamfanin DePuy ya janye ƙarfen ƙugunsa samfurin ASR a 2010, Stryker ya janye nasa samfurin Rejuvenate a 2012, ki duba lambobin ko nata na ciki.

Ƙara tana da wa'adi, a Ingila shekara 3 ne daga ranar da aka gane cutarwar, ki tambayi lauya na ƙasarku a makon nan. In sun kawo takardar sulhu kar Mama ta sa hannu sai ya karanta.