Mene ne "tau" a aikin injin?

Ka ce jiya ka ji ina gaya wa mai motar nan cewa sai an ci karanshaf ɗinsa (sandar ƙarfen da fistin ke juyawa a cikin injin) ten tau, wato a rage masa tau goma, kana so ka san ko tau wani ƙarfe ne. To ajiye sifanar nan, matso kusa.

Awo ne, ɗana. Turawan Ingila suna rubuta shi thou, gutsuren kalmarsu ce thousandth, wato ɗaya bisa dubu. Ka ɗauki inci guda ka raba shi gida dubu, gida ɗayan nan shi ne tau. Harshenmu ne da bai saba da farkon kalmar ba ya mai da ita haka. Tsinko gashi ɗaya a kanka: kaurinsa bai wuce tau biyu zuwa huɗu ba. Takardar rasit ɗin can ma wajen tau huɗu ce.

Wani injiniya ne a Manchesta, Joseph Whitworth, ya tsaya kai da fata a 1857 cewa masu aikin ƙarfe su koma lissafin dubu. Kafin nan da ɗaya bisa 16 ko bisa 32 ake awo, sai ma'aikaci ya ce "da ɗan ragi" ko "da ɗan ƙari", kowa da nasa ɗan. Ka ga kuwa fistin ba ya jin wannan yaren. Whitworth ɗin ne kuma ya tsara zaren kusoshi iri ɗaya a 1841, tsofaffin motocin Ingila da yawa da shi suka zo mana.

Abin da nake so ya zauna maka shi ne wannan. Tau goma daidai yake da milimita 0.254, shi ya sa za ka ga kwalin metal, wato ƙarfen da wuyan karanshaf ke juyawa a cikinsa, an buga 010, wani kuma 0.25, duk abu ɗaya ne. Amurkawa kuma suna kiran tau da mil. Nan yara ke faɗawa rami, su zaci milimita ake nufi, alhali milimita guda ta kusa tau arba'in. Ina ɗan koyo na taɓa wannan ɓarnar, maigidana ya sayi sabon karanshaf da kuɗinsa, kwana uku bai amsa gaisuwata ba.

Ɗauko maikiromita, abin awon kaurin nan, goge ta da tsumma mai tsabta. Auna min wuya na uku na karanshaf ɗin, ka faɗa min tau nawa ya cinye.