Me muke nema da sikanin a ƙirjin mai haki?

Ƙanina, ka ce an koya muku sautin na'urar sikanin ba ya ratsa iska, to me nake nema da ita a ƙirjin wanda numfashi ke neman gagara, alhali ga ɗakin hoto? Gaskiya aka koya muku. Sai dai mai irin wannan hakin ba ya jure a gungura shi wani ɗaki, kuma layukan da kake ɗauka shirme ne a allo, su muke karantawa. Likitan Faransa Daniel Lichtenstein ne ya tsara hanyar, ya kira ta BLUE. A binciken da suka fitar a 2008 kan majinyata 260, ta gano cutar daidai a kashi 90 cikin 100.

Ɗora kan na'urar ya haɗa haƙarƙari biyu. Tsakanin inuwarsu akwai farin layi, tantanin huhu ke nan. Zuba masa ido, ka ga ko yana rarrafe da numfashi kamar jerin tururuwa. In yana yi, iska ba ta taru tsakanin huhu da bangon ƙirji a nan ba. In ya tsaya cak, kada ka yi saurin ɗaukar allurar fitar da iska daga ƙirji, sai fa in jinin mutumin na faɗuwa. Tabon tsohon tarin fuka kan manne tantanin, kuma in robar numfashi da aka zura ta maƙogwaro ta zarce cikin reshen da ke zuwa huhun dama, hagu zai yi tsit. Gangara gefe, ka nemo inda motsin ke leƙowa yana ɓacewa. Wannan ce shaidar huhu ya saki iska.

Layukan da ake kira A a kwance suke a allo, huhu busasshe ne: tuna asma, ko ka danna jijiyoyin cinya ka nemi gudan jini, don yakan tashi daga can ya toshe jijiyar huhu. Na B kuwa daga tantanin suke saukowa har gindin allo. Uku ko fiye tsakanin haƙarƙari biyu, dama da hagu, huhu ya jiƙe. Mai jego da ta zo tana haki, ƙafafu a kumbure, ciwon zuciyar bayan haihuwa nake fara zargi, don ya yi mana yawa a Arewa. Juya na'urar kan zuciyarta kafin ka rataya mata ledar ruwa ko ɗaya.

Abin da ke damuna da ku, ba ku son duba baya. Ruwa can yake kwanciya, nimoniya ma sau da yawa can take ɓuya. Ɗan karkata majinyacin, ka cusa na'urar ta bayan hammata. Gobe a zagayen duba majinyata kai za ka riƙe ta.