Matsalar jari a sababbin kamfanonin intanet na ƙasashen Larabawa

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa sababbin kamfanonin intanet na ƙasashen Larabawa suke kukan ƙarancin jari alhali yankin yana da arzikin man fetur. A ganina, kuɗin sun taru ne a wurare kaɗan, musamman Dubai da Riyad, yayin da matashi mai basira a Amman ta Jordan ko Tunis ta Tunisiya yakan samu ɗan jarin somawa daga cibiyoyi irin su Oasis500 da Flat6Labs, sannan ya rasa mai ɗaukar nauyinsa idan lokacin faɗaɗa kasuwanci ya yi.

Faɗaɗawar kanta tana da tsada, domin ko da yake harshe ɗaya ne, kowace ƙasa da nata lasisi da dokar haraji, kuma har yanzu masu saye da yawa sun fi son biya hannu da hannu idan kaya sun iso. A Masar kuwa, karyewar darajar fam a 2022 da 2024 ta cinye ribar masu zuba dala.

Sayen Souq, kamfanin sayar da kaya ta intanet na Dubai, da Amazon ya yi a 2017, da sayen Careem, kamfanin jigilar fasinja ta manhajar waya na Dubai, da Uber ya sanar a 2019 kan dala biliyan 3.1, sun ƙarfafa gwiwar masu jari, amma irin wannan ciniki bai yawaita ba.