Ƙafa 29 ko 26: wace ta dace da ƙasarmu?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce kana son sayen keken hawan dutse, ka rasa wanda za ka ɗauka tsakanin mai ƙafa inci 29 da mai 26.

Babbar ƙafa ta fi haye rami da tsakuwa cikin sauƙi, domin dutsen da zai tokare ƙarama ita sai ta bi ta kansa ta wuce. Idan ta ɗau gudu kuma ba ta saurin saki. In tafiyarka mai nisa ce, kamar daga Zinder zuwa Mirriya, 29 za ta rage maka wahala. Sai dai tana da nauyi wajen tashi, kuma a lungunan Birni ba ta juyuwa da wuri. Gajeren mutum ma yakan sha fama da ita.

Ni dai 26 nake ba mutane shawara a nan Damagaram, saboda gyara. Wayoyinta gajeru ne, ta fi jure duka da ɗaukar kaya. In ƙaya ta huda maka taya, kowane mai faci zai iya samo maka taya da tub ɗinta. Na 29 kuwa, wani lokaci sai ka yi saƙo Kano. Ka lura kuma tayoyinsu ba sa musanya: bakin ƙarfen da tayar 26 ke zama a kai, daga gefe zuwa gefe, milimita 559 ne, na 29 kuma 622. Akwai 27.5 a tsakaninsu, mai 584, amma ka tambayi masu kayan keke a kasuwar Dole ko ana samun tayarta kafin ka biya.

Batun rairayi kuwa, faɗin taya ya fi girman ƙafa tasiri. Nemi mai faɗi, ka ɗan rage mata iska.