Wayata tana tona mini asiri a cikin jama'a: wane iyafis zan sa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai larurar gani ce, da TalkBack, manhajar karatu da ke faɗa mini abin da ke fuskar waya da murya, nake sarrafa wayata. In ina cikin mota ko ina bin layi, da na taɓa saƙo sai kowa ya ji abin da aka rubuto mini, har da na banki. Na gwada toshe kunnuwana biyu da iyafis, sai na daina jin abin da ke kewaye da ni, tsoro ya kama ni. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Tsoron nan naki yana kan hanya, kada ki yi ƙoƙarin kawar da shi. Da kunne kike sanin mota ta taho, da shi kike jin amon sandarki ya canza in kin kusa bango ko ƙofa. Duk iyafis ɗin da zai rufa miki asirin saƙo amma ya ƙwace miki wannan, ba naki ba ne.

Mafi sauƙi, ki sa a kunne ɗaya, ki bar ɗayan a buɗe, musamman wanda ke ɓangaren titi. A saitin sauti akwai wurin da ake haɗa muryar hagu da ta dama su fito tare, ki kunna shi don kada wani abu ya ɓace miki a kunnen da kika cire. Sai dai kunne ɗaya yana rage miki gane daga ina ƙara ta fito, shi ya sa in za ki tsallaka titi gara ki dakatar da muryar gaba ɗaya. A VoiceOver, manhajar karatu ta iPhone, da sabbin TalkBack, taɓa fuskar waya sau ɗaya da yatsu biyu yana sa ta yi shiru nan take.

Akwai kuma iyafis ɗin da ba ya shiga kunne sam. Yana zama a kan ƙashin da ke gaban kunne, yana aika sautin ta cikin ƙashi zuwa can cikin kunne, ramin kunnuwa biyu kuwa a buɗe. Kamfanin Shokz ne ya fi suna da irinsa. Don tafiya a ƙasa ban san wanda ya kai shi ba. Amma kin yi tambaya ne a kan sirri, to a nan yana da rauni: in kin ƙure murya a wuri mai tsit, wanda ke kafaɗa da ke zai iya tsintar kalmomi, in kuma ana hayaniya sosai ke kanki da kyar za ki ji. Saƙon banki ya fi son irin mai robar nan da ke shiga cikin kunne, don shi ne ba ya yoyon murya.

Iyafis mai waya ko na Bluetooth? Ni in maganar sirri ce, mai waya nake zaɓa. Na Bluetooth yana da ɗan jinkiri, bai kai daƙiƙa ba, amma mai zazzaga yatsa da sauri yana jin sa, wasu ma sukan cinye farkon kalma in sun ɗan yi shiru. Babbar matsalarsa ita ce batir. Da cajinsa ya ƙare, ko haɗin ya yanke, muryar sai ta koma sifikar waya, kuma manhajar karatu ba kamar waƙa ba ce da take tsayawa in an cire iyafis, ci gaba take yi da zuba. Mai waya ma in ya fizge haka ne, sai dai shi za ki ji fizgewar a jikinki. Tun da Apple ta cire ramin iyafis mai milimita 3.5 daga iPhone 7 a 2016, wayoyi da yawa sun bi sahu. In taki ba ta da ramin, ki nemi iyafis mai kan USB-C ko ɗan abin haɗi, kuma ki gwada shi a wayarki kafin ki saya, don ba kowanne ne ke aiki da kowace waya ba.

Ga abin da mutane da yawa suke mantawa: kin ɓoye murya, amma fuskar wayar tana nan tana haske, na kusa da ke kuma yana da ido. Wani ma ba da niyya zai karanta ba, idonsa ne kawai zai faɗa. A jerin umarnin TalkBack akwai na ɓoye fuskar waya, a iPhone kuma taɓawa sau uku da yatsu uku yana sakar mata labule, ta yi baƙi ƙirin alhali komai yana aiki. Ki riƙa kunna shi da zarar kin fita. Ki kuma shiga saitin sanarwa ki hana a nuna abin da ke cikin saƙo in waya tana kulle, sai ta ce miki saƙo ya shigo kurum.

Game da lambar sirri, TalkBack yana da saitin da ke hana shi faɗin haruffanta sai in an jona iyafis. Ki duba ki tabbatar a haka yake, domin wani lokaci mai taya mutum saita waya yakan buɗe shi don sauƙi, ya manta bai mayar ba.

Saura ƙarfin murya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya sauraron sauti mai desibel 80 (ma'aunin ƙarfin sauti ke nan) na tsawon awa 40 a mako ba tare da ya cutu ba, in ya haura haka lokacin yana raguwa da sauri. Mai manhajar karatu kuwa wuni yake yi yana saurare. In hayaniya ta sa kina ƙara murya har ƙarshe, ki rage, ki jira ki samu wuri mai dama-dama, kuma ki riƙa sauya kunne tsakanin hagu da dama.