Tambaya da Amsa: Jirgina ya tsage a kan tirela

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ƙaramin jirgin ruwa na faiba mai injin Yamaha a baya. Bara na ɗora shi a kan 'yar tirelar da mai walda ya haɗa mini, zan kai shi Argungu daga Yauri. Kafin mu kai Jega cikinsa ya lotsa, har ya tsage. Ina kuskuren yake? Daga mai karatu, Yauri.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri, ɗan'uwa. Ban ga tirelar ba, amma ina kyautata zaton ƙarfe biyu aka kafa a gefe, jirgin ya zauna a kansu, tsakiyarsa tana reto. A cikin kogin Neja ruwa ne ke tallabe shi ta ko'ina. A tudu kuwa, nauyin duka yana taruwa a inda ya taɓa ƙarfe, kowane ramin hanya kuma kamar dukan guduma ne.

Ka kifa jirgin ka duba ƙasansa. Layin nan mai kauri da ya tashi daga goshi zuwa baya, shi ne ƙashin bayansa, shi ya kamata ya ɗauki kaya. Ka shimfiɗa masa dogon katako a tsakiyar tirela. Na gefe biyu aikinsu kawai hana shi karkata. Ka lulluɓe su da tsohon kafet, su kwanta lif da jikinsa. In ka iya zura yatsa tsakaninsu, ba su zauna ba. Katakon ya kai har ƙarshen bayan jirgin, inda injin yake rataye. Ni dai nakan kwance injin in sa a cikin mota.

Ɗauri: ɗaya a goshi da sarƙa, biyu a baya. Kada a ɗaure shi kamar buhun shinkafa, faiba ba ta son matsi. Bayan 'yar tafiya kaɗan ka tsaya ka sake taɓa igiyoyin.

Sai ruwa. Na taɓa kwana a Koko da jirgi a buɗe, aka sheƙa ruwan sama, da safe na ja abina ban leƙa ba. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, ga shi yana kai da komo a ciki. Ban yi nisa ba taya ta fashe. Ka cire matoshin ramin fitar da ruwa da ke ƙasan jirgin kafin ka tashi, ka sa shi a aljihu, don kada ka manta da shi ranar da za ka sauke shi a kogin Matan Fada na Argungu.